Holst ko Darke: Wane Kari Ya Dace da Daren Kirsimetinku?

Kirsimetinmu mai ƙara ne, kuma haka muke son sa. Ganga, kacau-kacau, tulun zumuntar mata, guɗa, yara cikin sababbin kaya suna kai-komo tsakanin bencina. Amma duk malamin waƙa da ya daɗe yana tsara sujadar waƙoƙin Kirsimeti ya san akwai wani gurbi, galibi bayan an karanta Luka sura 2, da jama'a ke bukatar a sassauta musu. Yanzu-yanzu aka gaya musu mace ta haihu a baƙon gari, ta naɗe jaririn da tsumma, ta kwantar da shi a komin dabbobi. Lokacin tsalle bai yi ba tukuna. Abin da za a rera a wannan gurbin shi ne yake ba mutum aiki.

Yawancinmu mukan koma ga waƙar nan ta daren shiru da Joseph Mohr ya rubuta, Franz Gruber ya sa mata kari, aka fara rera ta da jita a Oberndorf ta ƙasar Ostiriya ranar 24 ga Disamba 1818. Ba ta tsufa ba, ba kuma za ta tsufa ba. Sai dai akwai wata daga Ingila da ita ma ta cancanci wannan gurbin, sunanta In the Bleak Midwinter, waƙa ce ta tsakiyar hunturu mai tsanani. Kari biyu gare ta, dukansu sanannu. Wanda ya buga sunanta a YouTube zai ci karo da su a cakuɗe, wani lokaci ma ba a rubuta na wane ne ba. Ɗaya na Gustav Holst ne, ya fito a 1906. Ɗayan na Harold Darke, ya tsara shi a 1909. Kalmomi ɗaya ne, shekara uku kacal ke tsakaninsu, amma abin da kowanne yake nema daga ƙungiyar mawaƙa ya sha bamban. Wanda ya zaɓa da ka, don kawai ya ji wata ƙungiyar Turawa ta rera da daɗi, zai iya shan wahala a banza cikin Disamba.

Sai an san kalmomin kafin a yi maganar kari, domin daga can bambancin ya taso. Christina Rossetti ce ta rubuta su. An haife ta a Landan a 1830, mahaifinta ɗan Italiya ne da ya yi gudun hijira zuwa Ingila, ita kuma ta rayu tana riƙe da addininta ƙam a ɗarikar Angilikan har ta rasu a 1894. An fara buga waƙar a mujallar Scribner's Monthly ta Amurka cikin Janairun 1872. Don karantawa ta rubuta ta, kuma ta bar duniya da shekara 12 kafin Holst ya sa mata kari.

Baiti biyar ne. Na farko sanyi ne zalla: iska tana kuka, ƙasa ta yi tauri, ruwa ya daskare, dusar ƙanƙara ta zuba a kan wadda ta riga ta zuba. Na biyu ya ɗaga kai sama, ya ce Allahn da sama ba ta iya ɗaukarsa, wanda sama da ƙasa za su gudu ranar da zai zo da mulki, ga shi ɗakin dabbobi ya ishe shi. Na uku ya ce wanda kerubobi ke yi wa sujada dare da rana, nonon uwa da komi cike da ciyawa sun wadace shi, da sa da jaki da raƙumi a gefe. Na huɗu ya ce ko da mala'iku sun cika sararin, uwarsa ce kaɗai ta yi masa sujada da sumba. Na biyar kuma tambaya ce daga bakin matalauci: me zan ba shi? Da ni makiyayi ne da na kawo ɗan rago, da ni masanin taurari ne da na yi nawa, to abin da nake da shi zan bayar, zuciyata.

Luka bai ambaci dusar ƙanƙara ba. Rossetti ce ta ɗauko sanyin ƙasarta ta kai shi Baitalami, kuma ban ga laifinta ba, kowace al'umma da irin yanayin da take karɓar baƙon nan a ciki. Mu ba mu san ƙanƙara mai rufe gari ba, amma mun san hunturu. Mun san iskar da ke kuka a kan kwano da tsakar dare, da ƙasar da ta bushe har fartanya ke tsalle a kanta, da ruwan randa da asuba wanda hannu ke ja da baya kafin ya taɓa. Wanda ya taɓa kwana a Jos ko Pankshin cikin Disamba ba sai an yi masa dogon bayanin baitin farko ba.

Holst ya yi nasa ne don littafin waƙoƙin ikkilisiya mai suna The English Hymnal, wanda Percy Dearmer da Ralph Vaughan Williams suka shirya. Vaughan Williams aminin Holst ne, kuma manufarsa a littafin a fili take: waƙoƙin da jama'ar da ke zaune a benci za su iya rerawa da bakinsu, har ya sa aka saukar da muryoyin ƙasa don kada tsoho ko mai kaurin murya ya kasa kaiwa. Shi kansa Holst, ko da yake duniya ta fi saninsa da babban kiɗansa na The Planets, malamin makaranta ne. Ya koyar a makarantar 'yan mata ta St Paul's a Landan daga 1905 har rasuwarsa a 1934, ya kuma koyar da ma'aikata masu zuwa ajin yamma a Morley College. Mutum ne da ya san muryar wanda bai yi karatun kiɗa ba, ya san inda take ƙarewa. Ya raɗa wa karin suna Cranham, sunan wani ƙauye da ke kusa da Cheltenham, garin haihuwarsa.

Idan ka dubi takardarsa za ka ga shafi ɗaya ne. Do ɗinsa, wato amon da kari yake komawa gida a kansa, F ne, bugu huɗu-huɗu, muryoyi huɗu suna tafiya tare kafaɗa da kafaɗa. Murya ta ɗaya ta fara da mi, fa, so, tana taka matakala ɗaya bayan ɗaya, ba ta hawa ta wuce la, kuma babu amon tsaka-tsaki, wato wanda ke faɗawa tsakanin matakala biyu, ko ɗaya a cikinta. Layi na ɗaya da na biyu da na huɗu duk da farawa iri ɗaya suke, na uku ne kaɗai ya ɗan ɗaga ya nemi wata hanya, sannan a dawo gida. Ƙungiyar da ta saba da solfa za ta ɗauke shi a zama biyu ko uku. Jama'a kuwa kafin a kai baiti na uku sun fara bi da gunaguni, ko ba a ba su takarda ba. Ba ya bukatar ogan. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar waƙa, kibod ya mutu, fankoki suka tsaya, waƙar ba za ta san an yi ba.

Amma akwai tarko a cikinsa, kuma daga Rossetti ya fito. Tun da ba don rerawa ta rubuta ba, ba ta daidaita gaɓoɓin baitocinta ba. Layin farko na baitin farko gaɓa 6 ne, na baiti na uku gaɓa 8, na baiti na biyar gaɓa 5, ga shi kari ɗaya ne zai ɗauke su duka. Dabarar da aka yi ita ce sa ƙananan amo na ko-ta-kwana a takarda, a yi amfani da su a wani baitin, a haɗiye su a wani. A nan ake tuntuɓe. Baiti na uku yana farawa da gaɓa ɗaya kafin bugun farko. Sai ka ga malamin waƙa ya ɗaga hannu, masu murya ta ɗaya da suka yi atisaye sun shiga daidai, jama'a kuma suna jiran hannun ya sauko kamar yadda ya yi a baitin farko. Rabin majami'a na kan kalma ta biyu, rabi na kan ta farko, wata dattijuwa a layin gaba ta ɗaga ido daga takarda tana neman wanda za ta bi. Ba a daidaita sai an kusa ƙarshen layin. Maganinsa ba wuya: a ja layi ƙarƙashin gaɓar da ke faɗawa kan bugu mai ƙarfi a takardun da za a raba, malami kuma ya juyo ya fuskanci jama'a a farkon baiti na biyu da na uku, ya ja numfashi a fili inda kowa zai gani. Amma sai an yi shi da gangan, ba ya gyara kansa.

Sai Darke. Ɗalibi ne a Royal College of Music da ke Landan lokacin da ya tsara nasa, bai wuce shekara 21 ba. Makaɗin ogan ne tun asali, kuma a kan ogan ya ƙare rayuwarsa: shekara 50 yana riƙe da na majami'ar St Michael Cornhill, daga 1916 zuwa 1966. Daga 1941 zuwa 1945 kuma shi ya riƙe mawaƙan King's College ta Kambirij lokacin da mai wurin, Boris Ord, ya tafi aikin sojan sama. Ana jin wannan tarihin a cikin waƙar. Mutum ne da yake tunani da ogan a ƙarƙashin yatsunsa, da horarrun mawaƙa a gabansa, da jama'a zaune suna saurare.

Shi bai tilasta wa baitoci su shiga ma'auni ɗaya ba, kowanne ya rubuta masa nasa. Do ɗinsa G. Ogan ne yake buɗewa ƙasa-ƙasa, sai murya ɗaya tak, ta yaro ko ta mace, ta rera baitin sanyi. Baiti na biyu, na Allahn da sama ba ta iya ɗauka, dukan ƙungiya ce ke shigowa da muryoyi huɗu, ogan ya yi shiru. Baiti na uku namiji ɗaya mai murya ta uku ne, ogan ya dawo yana raka shi. Na ƙarshe ƙungiya ta sake karɓa da sassauci, kuma a nan Darke ya yi abin da Holst ba shi da damar yi: ya maimaita kalmomin ƙarshe na ba da zuciya. Karon farko muryoyi ba su sauka gida ba, sun tsaya a rataye, sai a karo na biyu suka zauna. Ni dai a ganina wannan maimaicin shi ne wuri mafi kyau a cikin karin biyu gaba ɗaya. Mai waƙar ya faɗi alkawari, ya tsaya ya ji nauyinsa, sannan ya sake faɗa da saninsa. Ba mamaki da mujallar BBC Music ta tambayi manyan malaman waƙa da masana a 2008 wace waƙar Kirsimeti ce ta fi, na Darke ne ya zo kan gaba.

Na Holst babbar riga ce, duk wanda ya zura za ta zauna masa. Na Darke ɗinki ne da tela ya auna jikin mutum ɗaya, idan ya dace babu kamarsa, idan bai dace ba kowa zai ga inda ya matse.

Inda ya fi matsewa shi ne mahaɗar baiti na biyu da na uku. Ƙungiya ta rera baiti guda cur ba tare da kayan kiɗa ba. Akwai amon tsaka-tsaki a muryoyin ciki, irin waɗanda a solfa muke kira fe ko ta, kuma a irinsu ne masu murya ta biyu da ta uku suke ɗan zamewa ƙasa ba su sani ba. Kowane layi a sauka kaɗan, kowane dogon amo a sauka kaɗan, babu wanda ya lura domin kowa tare yake sauka. Mai kibod na zaune, yatsunsa a kan maɓallai bai danna ba, yana ji, ya san abin da ke tafe. Da ya danna don buɗe baiti na uku, sai do biyu su bayyana a ɗaki ɗaya, na ƙungiya da ke cikin kunnen kowa, da na kibod da bai motsa ba. Mai solo kuma daƙiƙa kaɗan gare shi ya zubar da wanda ke kansa ya kama na kibod, a gaban jama'a, shi kaɗai. Ƙwararre zai yi. Saurayin da aka ba solo karo na farko zai shiga tsakanin biyun, ya yi layi guda yana lalube. Wasu malamai sukan sa kibod ya raka baiti na biyu a ɓoye don a tsare muryar. Yana aiki, kuma gara haka da a zame. Amma a san an rage wani abu, domin shirun ogan a wannan baitin da gangan Darke ya sa shi, don a ji muryoyin mutane tsirara suna faɗin girman Allah.

Ga kuma maganar masu solo. Baiti huɗu Darke ya ɗauka cikin biyar ɗin, biyu daga ciki a wuyan mutum ɗai-ɗai suke, rabin waƙar ke nan. Solo ɗin farko ba ya son ƙawa, ba ya son karkarwar murya ko jan amo irin na waƙoƙin yabo na zamani. Murya yake so miƙaƙƙiya, mai tsabta, da dogon numfashi. Sau da yawa wadda ta fi kowa iya jan baiti ranar Lahadi ba ita ce ta dace da shi ba, wata yarinya ce a layin baya da ba a cika jin ta ba. Malamin da zai ɗauki Darke sai ya shirya wa wannan zancen, domin ya san yadda rabon solo yake taɓa zukata a ƙungiya. Ana iya ba 'yan mutane kaɗan su rera tare maimakon mutum ɗaya, kuma ga yawancin ƙungiyoyinmu wannan ya fi zama lafiya, mata uku ko huɗu da muryoyinsu suka haɗu.

Akwai abin da Darke ya yi da har yanzu nake jin zafinsa: ya cire baiti na huɗu. Baitin Maryamu ke nan, na sumba. A wurina shi ne gadar da ke kai mutum ga tambayar ƙarshe. An bi ta kan sama da ƙasa, an bi ta kan kerubobi da dabbobi, sai aka zo kan mutum ɗaya wadda ba ta da zinariya ko lubban, ta ba da abin da uwa take da shi. Daga nan ne tambayar matalauci take samun ƙafar tsayawa. Idan aka cire shi, daga raƙumi sai tsalle zuwa zuciya. A bugun farko ma har nonon uwa na baiti na uku an sauya shi da zuciya mai murna, don kunyar mutanen wancan zamani, sai daga baya aka maido da kalmomin Rossetti. Duk mai riƙe da tsohuwar takarda ya duba wannan layin. A ikkilisiyar da mata suka fi yawa, wasu da goyo a baya, wasu suna shayarwa a bencin ƙarshe ana cikin waƙar, ban ga dalilin ɓoye cewa Almasihu ya sha nono ba. Da Holst kana da baiti biyar ɗinka cif, ba wanda ya taɓa su.

Wani abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ginin. Yawancin waɗanda suka ƙaunaci na Darke daga mawaƙan King's College suka ji shi, a sujadar karatu tara da waƙoƙi da aka fara a can a 1918, wadda BBC take watsawa tun 1928. Ana yin ta ranar jajibirin Kirsimeti da ƙarfe uku na yamma agogon Ingila, ƙarfe huɗu ke nan a Najeriya da Nijar. Jerin waƙoƙin yana sauyawa kowace shekara, amma na Darke yana yawan dawowa. To ɗakin sujadar nan na dutse ne, dogo, rufinsa ya kai wajen mita 24, kuma amo yakan daɗe yana yawo a cikinsa bayan an rufe baki. Shi ya sa suke iya jan waƙar a hankali, su tsaya tsakanin layi da layi, ginin yana cike musu gurbin. Majami'armu mai rufin kwano da tagogi a buɗe, da janareta na ruri a bayan gini, ba ta riƙe amo ko na ƙiftawar ido. Ka rufe baki, waƙa ta mutu nan take. Idan ka kwaikwayi saurin King's a irin wannan ɗaki, numfashi zai ƙare kafin layi ya ƙare, murya ta ƙara zamewa, jama'a su fara gyaran zama. Wannan ya shafi karin biyu, amma ya fi cutar da na Darke, domin siririyar murya ɗaya a ɗakin da ba ya amsawa tana bukatar makirfo, makirfo kuma yana fallasa duk wata rawar murya. Na Holst, da yake taro ne ke rera shi, yawan bakuna yana maye gurbin abin da gini ya kasa bayarwa. Kowanne ka ɗauka, ka bar shi ya yi tafiya. Natsuwa daga sassaucin murya take fitowa, jan ƙafa ba ya kawo ta.

Idan kuma niyyarka ka juya waƙar zuwa Hausa don kowa ya ji abin da ake faɗa, to zance ya ƙare, Holst za ka ɗauka. Kari ɗaya ne mai maimaituwa, kai kuma kana da damar da Rossetti ba ta yi amfani da ita ba, ka daidaita gaɓoɓin baitocinka duka biyar, tarkon nan na baiti na uku ya ɓace. Abin kiyayewa shi ne waƙar Hausa da nauyin gaɓa take tafiya. Karin yana buɗewa da dogon amo sannan gajere, saboda haka gaɓa mai nauyi za ka ɗora a farko, mai sauƙi ta biyo. Idan ka juya su, kalma za ta karye a bakin mai rerawa, wani lokaci har ma'ana ta kauce. Na Darke kuwa an ɗinka shi ne a jikin kalmomin Turanci gaɓa bayan gaɓa, kowane baiti da nasa tsarin. Sa masa Hausa aiki ne na sake rubuta shi, kuma hakkin yin hakan ba a hannunka yake ba. Holst ya rasu a 1934, aikinsa ya zama na kowa, kana iya kwafa, ka mayar da shi solfa, ka raba. Darke sai a 1976 ya rasu, kuma a Birtaniya da Najeriya hakkin mai aiki yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Kamfanin Stainer & Bell ne yake buga shi. Ƙungiyar da za ta rera shi ta sa kuɗin takardu cikin lissafinta, musamman idan za a ɗauki sujadar a sa a intanet.

Ga wanda saurare kawai yake so, a mota ko a ɗaki da dare, ba shi da wannan damuwar duka. Ya fara da Darke daga bakin mawaƙan King's, sannan ya nemi Holst inda taron jama'a ke rerawa, domin a bakin taro ne ake jin amfaninsa. Idan kunnensa ya nemi ƙari, Benjamin Britten ya saka baitin sanyin nan a cikin aikinsa A Boy Was Born na 1933, inda muryoyin mata suke zubo da shi sannu-sannu. Wannan na saurare ne, ban ba ƙungiyar ikkilisiya shawarar taɓa shi ba.

To ga malamin waƙa da ke da zaɓi a gabansa, tambayar farko ita ce a ina kake son natsuwar ta zauna, a bakin jama'a ko a kunnensu. Idan kana son dattijo da yaro da baƙon da ya zo hutu daga birni duk su furta tambayar nan ta me zan ba shi da bakinsu, Holst ne. Idan kana son su ajiye takarda su karɓa kawai, kuma kana da mai kibod da yake karanta abin da aka rubuta maimakon bin waƙa da kunne, da wutar da ka amince da ita, da ƙungiyar da ka taɓa gwada ta ta rera baiti guda ba kiɗa ta ƙare a kan do ɗin da ta fara, to Darke zai ba ku abin da Holst ba zai iya ba. Ka yi wannan gwajin kafin ka yanke shawara. Ka ba su do, ka kashe kibod, su rera wata waƙar da suka sani sarai, sannan ka danna do ɗin a ƙarshe kowa ya ji. Abin da ya fito shi ne amsarka, kuma gara ka ji ta a ɗakin atisaye.

Ra'ayina shi ne mafi yawan ƙungiyoyinmu Holst ya kamata su ɗauka, kuma kada su ɗauke shi a matsayin na waɗanda suka gaza. Akwai ma hanyar da za a ci moriyar dabarar Darke a cikinsa ba tare da an ɗauki haɗarinta ba. Baitin farko a ba murya ɗaya ko mata kaɗan. Na biyu kowa da kowa a miƙe, da muryoyi huɗu, da ƙarfi. Na uku maza kaɗai a kan kari ɗaya, sai tarkon shigowar ya zama na mutanen da suka yi atisaye. Na huɗu, na Maryamu, a bar wa zumuntar mata. Na biyar dukan majami'a ƙasa-ƙasa, ba kibod. Shafi ɗaya ne har yanzu, ba wanda zai zame ya rasa mai tare shi, kuma baiti biyar ɗin suna nan.

Wanda kuma ya gwada ƙungiyarsa ya ga za ta iya Darke, kada ya ji tsoro, ya ɗauka, ya cancanci wahalar. Sai dai ya fara tun Oktoba, ya fi ba baiti na biyu lokaci fiye da sauran, yana sa masu murya ta biyu da ta uku su rera nasu su kaɗai har amon tsaka-tsakin nan su zauna musu. Kowane solo kuma ya koya wa mutum biyu. Ƙurar hunturu tana kama maƙogwaro ne daidai makon da ake bukatarsa, kuma mura ba ta duba wanda aka rubuta sunansa a takardar shiri.